Gorin da ake yi wa masu haihuwa ta tiyata yana jawo mana asara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan gorin da ake yi wa matar da aka yi wa tiyata aka ciro mata jariri. Idan mata suka shigo barka, kafin su tambayi lafiyar mai jego sai ka ji an ce, "Da kanta ta haihu ko aiki aka yi mata?" Da an ce aiki ne, wata za ta taɓe baki ta ce matan yanzu raki ya yi musu yawa, wata kuma ta ce ita takwas ta haifa a ɗaka, ba ta kira ungozoma ba sai da aka zo yanke cibiya.

Ban musanta cewa a manyan birane akwai masu hali da suke zaɓar tiyata ba tare da wata larura ba, ko don tsoron naƙuda ko don son tsayar da ranar haihuwa. A ƙasashe irin su Brazil da Masar fiye da rabin jarirai ta tiyata ake haifar su, abin da ya dami likitocin can. Amma halin da muke ciki ya sha bamban. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi ta tiyata, a Arewa kuwa adadin bai ma kai haka ba, alhali tun 1985 masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara suka ambaci kashi 10 zuwa 15 a matsayin abin da ya dace. Binciken nan dai ya ƙiyasta cewa mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Matan da suke buƙatar aikin ba sa samunsa, mu kuma mun shagala da zagin 'yan ƙalilan da suka nema da kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda gorin nan yake faɗawa kan matar da likita ya sa wa rana tun a wurin awo, saboda mabiya ta tare bakin mahaifa, ko jariri ya kwanta a gicciye, ko an riga an yi mata aiki sau biyu. Wadda ta zo a ranar da aka sa mata, za ta tarar an tanadi jini, likita da ma'aikatansa suna nan da rana tsaka, a yi mata allurar kashe zafi a gadon baya, idonta biyu ta ji kukan ɗanta. Amma sau da yawa idan ta koma gida da wannan labari, uwar miji za ta ce likitoci kuɗi suke nema, kishiya ta yi habaici, a ce a jarraba rubutu da jiƙo tukuna. Sai ta kwana biyu tana naƙuda a kawo ta cikin dare a galabaice, babu jini a ajiye, mijin da ake jira ya sa hannu kuma ya fita neman rance. Tiyatar da aka guje wa ita za a yi, sai dai yanzu ta gaggawa ce, wadda ta fi haɗari nesa ba kusa ba, wani lokaci mahaifa ta riga ta fashe, jariri ya riga ya koma. Wadda ta tsira tana iya fita da yoyon fitsari, domin kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu. Duk mai shakka ya leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ko cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano, inda ake kula da masu yoyon fitsari.

Akwai tsoron da ya kamata likitoci su amsa shi da gaskiya, wato cewa wadda aka yi wa aiki sau ɗaya ta gama haihuwa da kanta. Mata da yawa suna sauka da kansu bayan aiki ɗaya, muddin sun ba da tazara kuma sun haihu a asibitin da zai iya shiga da su tiyata nan take. Sai dai duk aikin da aka ƙara, haɗarin mannewar mabiya a jikin mahaifa yana ƙaruwa, don haka wadda take son aikin ba tare da larura ba, kuma tana burin haihuwa da yawa kamar yadda akasarinmu muke buri, wajibi ne a faɗa mata wannan kafin ta yanke shawara.

Saura maganar kuɗi. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu, maƙwabciyarmu Nijar kuwa ta daɗe da irin wannan tsari. Ina roƙon ka tura wakilanka su gano asibitocin da ake aiwatar da shirin a kowace jiha, ka buga sunayensu, domin magidanci ya san inda zai nufa. Asibitoci kuma su riƙa kiran miji tun a wurin awo, a yi masa bayani tare da matarsa, a sa hannu a tanadi jini tun kafin watan haihuwa ya kama.

Wassalam.

Taka mai karatu,
Wata ungozoma mai ritaya, Katsina.