Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu kan gyaran kundin adireshi a manhajar bayyana kaya ga kwastam

Zuwa ga abokan cinikinmu masu daraja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku gyaran da muka yi wa sashen manhajarmu mai riƙe da sunaye da adireshin waɗanda kuke hulɗa da su, wato masu aiko da kaya, masu karɓa, kamfanonin sufuri, da waɗanda ake sanarwa idan kaya sun iso.

Matsalar daga tsohon tsarinmu take, kuma ba za mu ɗora wa kowa laifi ba. Mun gina shi ne a kan suna, alhali kowa da irin rubutunsa: wannan ma'aikaci ya rubuta sunan cikakke, wancan ya taƙaita, wani ya tsallake harafi, sai ka tarar kamfani guda ya zama uku a kundi, kowanne da nasa adireshin. Duk wanda aka taɓa tsare wa kwantena saboda sunan mai karɓa a takardar bayyana kaya ya saɓa wa na takardar lodin jirgi, ya san yadda harafi ɗaya kan jawo jiran kwanaki, kuɗin ajiya kuwa yana ta hauhawa.

Daga yanzu, da lambar shaida manhajar za ta riƙa gane kowane kamfani, ko dai lambar biyan haraji ko ta rijista da kwastam. Mun kuma bar gurbin lamba fiye da ɗaya, domin buƙatar hakan takan taso. Alal misali, lambar EORI, wato lambar rijistar 'yan kasuwa da kwastam wadda Tarayyar Turai ta fara aiki da ita a 2009, tana farawa ne da haruffa biyu na ƙasar da ta bayar da ita. Kuma tun daga 1 ga Janairu, 2021, lambar da ta fara da GB, wato ta Birtaniya, ba ta aiki a kwastam ɗin ƙasashen Tarayyar, saboda haka ɗan kasuwar Birtaniya mai shigar da kaya can da sunansa yakan riƙe lamba biyu. Ƙasa ma ba za a ƙara rubuta ta da hannu ba, zaɓa za a yi daga jerin ISO 3166, wato daidaitaccen jerin ƙasashen duniya da haruffan da ke wakiltar kowacce.

Kamfanin da ya karɓi kaya yau yana iya zama mai aikawa gobe, don haka a kan kowace takarda za ku faɗi matsayinsa, ba a cikin kundi ba.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne canjin adireshi. Wasunku sun nemi gyara ɗaya ya shafi duk takardu, tsofaffi da sababbi, amma ba mu yarda ba. Takardar da aka riga aka miƙa wa kwastam shaida ce, kuma idan masu bincike suka waiwayo bayan an saki kaya, abin da aka miƙa a ranar za su so gani. Saboda haka tsohuwar takarda za ta zauna da tsohon adireshinta, manhajar kuma ta adana sunan wanda ya yi gyara da ranar da ya yi.

Roƙonmu ɗaya ne. Da zarar kun sabunta manhajar, za ta nuna muku sunayen da take zaton maimaici ne, amma ba za ta haɗe su da kanta ba, domin rassa biyu na kamfani ɗaya kan yi kama da juna alhali lambobinsu daban. Ku sa wanda ya san abokan hulɗarku ya duba jerin kafin ya amince.

Mun gode da haƙurinku.

Naku,
Ma'aikatan sashen kula da abokan ciniki