Kada ka saida firintar nan

Assalamu alaikum ɗana,

Da fatan kana lafiya, ya karatu ya sanyin Samaru. Jiya sau uku ina kiranka baka ɗauka ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuto maka don maganar nan ta hanani barci.

Yayarka ce ta gayawa Ummanka wai kace firintar nan ta mutu, wai in kazo hutu zaka kaita Farm Centre ka saida ko nawa aka taya. Haba ɗana. Firintar da na ɗauke daga kan teburina na saka maka a bayan mota da hannuna, ka san kuma yadda aka yi ta shigo gidan nan ba sai na tuna maka ba. Ba abinda ya sameta. Ai kai da bakinka ka gayawa yayarka tana aiki lafiya lau har zuwa ranar da kuka haɗa kuɗi kai da abokan zamanka kuka sayo sabuwar rauta, wato na'urar da ke raba muku waifai, toh ka tsaya kayi tunani mana, me ya canza, ita ce ko rautar?

Yawancin rautocin yanzu hanya biyu suke fitarwa, akwai 2.4 GHz akwai 5 GHz. Ta 5 ɗin tafi sauri amma bata nisa, bango ɗaya biyu sai ta fara rauni, ita kuwa 2.4 tana ratsa bango ta kai har ɗakin ƙarshe. Wayarka da laftof ɗinka duk suna ganin biyun, amma tsofaffin firintocin gida irin tamu da yawansu 2.4 kaɗai suka sani, ta 5 ɗin ko ganinta basa yi. Kuma kar ka ruɗe da 5G ɗin da kamfanonin waya ke talla, wannan daban wancan daban ko da ka ga an rubuta 5G a ƙarshen sunan waifai ɗin. Abin da ke ƙara dagula lamarin shine wasu rautocin suna haɗe hanyoyin biyu ƙarƙashin suna ɗaya, sai firinta tayi ta nema tana kasa shiga, fitilarta shuɗiya tana ta ƙyaftawa. Haka tayi mini bara da muka canza ta gida, kwana biyu ina fama kafin na gano.

Ka juya rautar, a ƙasanta akwai takarda manne da lamba irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 da sunan shiga da lambar sirri. Ka rubuta lambar mai 192 ɗin a burauzar wayarka ka shiga setin ɗin waifai, in ka ga inda aka haɗe su, wasu suna rubuta Smart Connect, ka kashe shi ka ba kowacce sunanta. Sannan ka duba wajen tsaro, in yana kan WPA3 ka maida shi WPA2 don firintar ta girmi wancan. Sai ka koma kan firintar ka goge tsohon waifai ɗin da ta riƙe ka zaɓi na 2.4, ka saka lambar sirri a hankali kana lura da manyan haruffa da ƙanana, don na sanka da gaggawa. In rautar tana da maɓallin WPS ma ya fi sauƙi, ka danna na rauta ka danna na firinta kafin minti 2 su cika. Fitilar in ta daina ƙyaftawa ta tsaya cak, shikenan ta shiga. Wayarka ko tana kan 5 zata ganta tunda rauta ɗaya ce, kar dai ka sa firintar a kan waifai ɗin baƙi don wannan a killace yake.

Duk wannan bai kai rabin awa ba, kuma ba kuɗin firinta ne ya dameni ba wallahi. Abin da yake tsoratani shine halin nan naka, abu ya ɗan ƙi ka sau ɗaya sai kace ya mutu ka juya baya. Haka kayi a shagon kawunka wata huɗu kacal, haka kayi da wancan karatun na farko bayan duk abinda muka sha ni da Ummanka, har yau in na tuna ranar da ka shigo da jakarka da daddare ƙirjina nauyi yake min. Yanzu saura watanni ka gama, furojet na gabanka, malaminka zai maido maka da babi ɗaya sau uku sau huɗu da jan biro, shima zaka ce ya mutu kenan? Wannan ne yake hanani barci. Na san zaka ce Baba ya cika tada tsohon zance, zaka ce kan firinta kawai, toh ni na haife ka, na ga inda ake fara irin wannan kuma in na yi shiru Allah zai tambayeni.

Ba faɗa nake maka ba. Na san kana ƙoƙari, sakamakonka na zangon da ya wuce har masallaci na kai labarinsa, kuma kai ne kake gyara mana waya a gidan nan in ta rikice, wannan ba zai gagare ka ba in ka zauna.

Abu ɗaya da na manta, in nepa ta ɗauke wuta ta dawo kaga laftof tace bata ganin firintar kar ka tada hankalinka, wani lokacin rautar ce take bata sabuwar lambar adireshi, ka kashe firintar ka kunna ko ka cireta a laftof ka sake sakawa. In komai ya ƙi akwai kebul ɗinta a aljihun gefe na baƙar jakar nan, ni na saka, ka jona kai tsaye ka buga aikinka kafin kazo mu duba tare.

Ummanka ta bada yaji da ƙuli-ƙuli za'a kawo maka ranar Asabar. In fitilar ta tsaya ka ɗauki hotonta ka turo min ta WhatsApp, ko ƙarfe nawa ne ina jira.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka