Ba Hausa ce ta kayar da yaranmu a jarrabawa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni dai tun daren Talata da na saurari shirin nan naku na rediyo raina yake a ɓace, har mai ɗakina ta tambaye ni ko wani abu ne ya faru a makaranta don ta ga na ture kwanon tuwo. Wannan Daktan da kuka kawo ya zauna kusan awa guda yana ta nanata cewa wai Hausa ce take kashe ilimi a Arewa, wai da tun daga nazare an bar yara da Turanci zalla da yanzu mun kamo 'yan Kudu, shi kuma mai gabatarwa ba abin da yake cewa sai haka ne Dakta, gaskiya ne Dakta, ko sau ɗaya bai tambaye shi yaushe rabonsa da ya leƙa ajin firamare na ƙauye ba. Na buga waya ya fi sau goma ba ta shiga ba, shi ya sa na ce to bari in rubuto.

Shekarata 23 ina riƙe da alli a nan ƙasar Jahun, na koyar a ƙauyuka huɗu, kuma wallahi tallahi ban taɓa riƙe littafin kimiyya ko na lissafi da aka rubuta da Hausa aka raba wa ajina ba. Ko ɗaya. To wace Hausar ce ta kayar da yaran? Hausar da ba a taɓa koyarwa da ita yadda ya kamata ba? Abin da yake faruwa a aji kowa ya sani, malam ya cika allo da Turanci daga littafi, yara su kwafa harafi bayan harafi kamar masu zanen hula, ya karanta su maimaita da ƙarfi har na ajin kusa su ji, in ya ga idanunsu sun yi zuru-zuru sai ya ɗan watsa musu bayani da Hausa na minti biyu a tashi. Ba su samu Turancin ba, ba su samu Hausar ba. Yaro ya gama aji shida ya iya gud monin sa, ya iya rera wan tu tiri har ɗari, amma ka ba shi wasiƙar da yayansa ya aiko daga Legas da Hausa ba zai iya karanta wa uwarsa ba.

Dakta ya yi ta cewa bincike ya nuna, bincike ya nuna, daga ƙarshe abin da ya jingina da shi maganar ministan ilimi Tunji Alausa ce ta watan Nuwamban 2025, da ya soke koyarwa da harshen uwa ya ce Turanci kawai daga ƙasa har sama, wai saboda faɗuwar da ake yi a WAEC da NECO da JAMB. Malam Edita ku yi lissafi da ni. Tsarin koyarwa da harshen uwa har aji shida, Malam Adamu Adamu ne ya sanar da shi a ƙarshen 2022. Shekara uku kenan. Yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin ko firamare bai gama ba, su kuwa waɗanda suka rubuta WAEC a 2025 sun shiga firamare tun wajen 2013. Ta yaya tsarin da bai taɓa su ba zai kayar da su? In kuma tsohon tsarin 1977 ake nufi, wanda ya ce a koyar da harshen gida a shekarun farko na firamare, to ni shaida ne a takarda ya tsaya, bai zo ƙauyenmu da littafi ko horo ba.

Bari in ba ku labarin da ya fi ci min rai. Akwai wani yaro da na koyar a aji biyar, ɗan manomi ne, shiru-shiru, kullum a bayan aji. Ranar da muka zo darasin tsirowar iri na ajiye littafin na ce su kawo gwangwanayen madara da ƙasa da wake, na tambaye su da Hausa me iri yake buƙata kafin ya fito. Wallahi yaron nan ya miƙe ya yi bayanin da ni kaina na ƙaru. Ya ce in ka zurfafa rami iri ba ya iya huda ƙasa, ya ce binne yana iya kwana da kwanaki a busasshiyar ƙasa ba abin da zai same shi sai ruwa ya sauka, amma in aka yi yayyafi kaɗan ya tsiro sannan ruwa ya ɗauke to an yi asara, ya ce babansa yana sa wake a tsakanin gero don gonar da aka yi wake tana ƙara ƙarfi baɗi. Washegari na tugo jijiyar wake na nuna musu 'yan ƙululun nan da ke jiki, na ce musu a nan ne wasu ƙananan halittu suke zama suna jawo sinadari daga iska suna mayar da shi abincin shuka, irin wanda muke saye da tsada a buhun yuriya. Ajin nan kamar kasuwa, kowa yana so ya taɓa, kowa da tambayarsa. Wannan ba kimiyya ba ce? Sai jarrabawar ƙarshen zango ta zo da Turanci, tambaya a kan abin da ya fi kowa sani, yaron nan ya ci biyu cikin goma. Ya zo ya same ni a gindin darbejiya ya ce Malam ni dama ba ni da ƙwaƙwalwar boko. Na rasa abin da zan ce masa. Yanzu haka yana dako a kasuwar Dawanau, duk sallah sai ya zo ya gaishe ni, kuma duk ranar da na gan shi sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

In bincike Dakta yake so, ai mu ma an karantar da mu a NCE. A nan ƙasar aka yi shi ba a Turai ba. Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya fara gwaji a 1970, aka ɗauki yara aka koyar da su komai da Yarbanci shekara shida, lissafi da kimiyya da sauransu, Turanci kuma aka ware shi a matsayin darasi guda aka ba malamin da ya san shi da gaske. Aka zo aka gwada su da waɗanda aka juya musu zuwa Turanci tun suna tsakiyar firamare, yaran Yarbanci ba su gaza ba, har a Turancin ma ba a bar su a baya ba. Mutumin nan daga baya har ministan ilimi ya zama. Su da Dakta yake cewa mu kamo su, su ne suka fara gwada abin da yake zagi. Akwai kuma wani masani a Kanada, Jim Cummins, da ya nuna yaron da ya zo da wani harshe yana iya kama Turancin hira cikin kamar shekara biyu, amma Turancin karatu, na fahimtar littafi da amsa tambaya, sai ya ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Wannan fa yaron da yake zaune a ƙasar da Turanci ne a titi da kanti da talabijin. To ina ga ɗan ƙauyenmu da ba ya jin Turanci ko'ina sai a bakin malami, malamin ma wani lokacin shi kansa lallaɓawa yake yi?

Kuma ni abin da ya ba ni mamaki, Dakta Bahaushe ne, na ji a bakinsa, ba zai ce bai taɓa zama a zauren malami ba. Yaya muka koyi Larabci? Malam ya karanta kalma ya fassara da Hausa, ya karanta jimla ya warware ta da Hausa, ɗalibi ya biya, a haka a haka har mutum ya zama yana buɗe littafin fiƙihu shi kaɗai yana ganewa. Ƙarni nawa ana haka a Kano da Haɗeja da Ringim, an fitar da malaman da Larabawa da kansu suke girmamawa, ba wanda ya taɓa cewa a hana Hausa a zaure don Larabci ya zauna. Haka iyayenmu a zamanin Yaƙi da Jahilci, da Hausa aka koya musu karatun boko, cikin 'yan watanni dattijo yana karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙofar gida.

Da ya ce wai harshe biyu yana rikita ƙwaƙwalwar yaro kuwa, nan ne na kusa jefar da rediyon. Ya zo ya ga 'ya'yan Fulanin da suke zuwa mana daga ruga, yarinya ta zo ba ta jin ko zo in kashe ka da Hausa, kafin a yi hutun zango biyu tana faɗa da 'yan ajinsu da Hausa tsaf, ta koma gida ta yi Fulatanci, da yamma ta je Islamiyya ta yi hadda, kuma sau da yawa su ne suke zuwa na ɗaya. Abin da yake rikita yaro shi ne a tsare shi da harshen da bai sani ba a ce kuma in ya yi nasa za a dake shi. Ni an yi min. Muna fom wan monita yana rubuta sunan masu banakula, ranar Juma'a a yi mana bulala a gaban asambuli, na shafe zango guda ban ɗaga hannu a aji ba don tsoro, abin da ban gane ba haka na haɗiye shi.

Kada wani ya ce ni maƙiyin Turanci ne. 'Yata tana son shiga makarantar koyon jinya, na san in ba kiredit a Turanci ba inda za ta, har lesin nake biya mata daga ɗan albashin nan. Takardar magani da Turanci take, bayanin da ke jikin robar maganin feshi da Turanci yake, kuma na ga abin da rashin iya karanta shi ya yi wa gonar wani maƙwabcina. Littattafan likitanci da injiniyanci duk da Turanci suke, yaran da suke shiga makarantun kimiyya irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa dole su iya shi. Ni abin da nake cewa a fara koya wa yaro karatu da rubutu da lissafi da harshen da yake mafarki da shi, a kawo mana littattafai, a turo malamin Turanci na gaske ya riƙa shiga kowane aji kullum, ba a ce ni kaɗai in riƙe yara 90 a ƙasa ba benci in koya musu darasi tara da harshen da ba sa ji, sannan wani ya zauna a ɗakin sanyi a birni ya ce laifin Hausa ne.

Ku dawo da shirin nan, ku gayyato malaman ƙauye ko biyu ne su zauna da Daktan, in ba ku samu kowa ba ni zan biya kuɗin mota in zo.

Sannan don Allah wata magana, tallan masu maganin gargajiyan nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri ya isa haka. Mutum yana zaune a tsakar gida da 'ya'yansa mata da surukarsa ana sauraron maganar ilimi, kawai sai wani ya ɓarke da zancen basir da ƙarfin maza da kalmomin da ko a tasha ba a faɗa, ka rasa inda za ka sa kanka, kafin ka lalubo wajen rage murya ya gama faɗa. Daren Talatan nan sau uku aka saka shi. In dole ne sai kun karɓi kuɗinsu to ku mayar da shi bayan sha ɗayan dare lokacin da yara sun kwanta.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai sauraro kullum,
wani malamin firamare daga ƙaramar hukumar Jahun, jihar Jigawa.