Sanarwa ga ƴan rukuni kan binciken CQC

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu aikin kula da manya a gidajensu a Ingila.

Tambayoyi sun yi yawa kan zuwan jami'an CQC, hukumar da ke sa ido kan kamfanoninmu tun 2009. Abu biyar suke dubawa: tsaron lafiyar wanda ake kula da shi, ingancin aiki, tausayi, biyan buƙatarsa, da shugabancin kamfani. Daga nan su ba da maki mai hawa huɗu, su wallafa a intanet kowa ya gani.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne takardar magani, wadda ake sa hannu a kanta duk lokacin da aka ba da magani. Ka ba dattijo ƙwayarsa da safe, ka fita da sauri ba ka sa hannu ba, to a wurin jami'i ba a ba shi ba. Haka lokacin shiga da fita: ziyarar minti 30 kada ta koma 15 a ɓoye.

Suna iya kiranku a waya, su kuma kira tsofaffin da iyalansu. Don Allah ku faɗi gaskiya, kada manaja ya tsara muku amsa. Wanda ya ga cutarwa yana iya sanar da CQC kai tsaye, akwai wata doka ta 1998 da ke kare mai fallasa. Kuma kada a turo hoton takardun kowa a nan.