Zuwa ga abokina Sani, kan maganar ɗaure mutane lokacin annoba

Salamu alaikum Malam Sani, ya Fatakwal, ya iyali? Mu nan lafiya lau, su Inna suna gaisheka.

Naga saƙonka da kake cewa in wata annoba ta sake zuwa gwamnati ta dinga ɗaure duk wanda ya karya doka kawai a huta. Wlh ban yarda dakai ba, lokacin korona kana can, mu muka gani da idonmu. Tunda aka kulle Kano a Afrilun 2020, ga azumi ya shigo cikin kullen, aka kafa kotun tafi-da-gidanka ana cin mutane tara, har limamai an kama saboda sun ja sallar Juma'a. To amma mafi yawa wa ake kamawa? Ɗan acaɓa, ɗan garuwa, wanda in bai fita ba ranar ba a ɗora tukunya a gidansa. Wani maƙocinmu ya ɗauko kwandunan tumatir zai kai kasuwar 'Yankaba aka tsaresu a shinge tun hantsi, rana ta daki tumatirin har ya fara tsiyaya ta ƙasan kwando, ya dawo ba kuɗi ba kaya ga bashin taki, mai hali kuwa ya miƙa na goro ya wuce abinsa. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da kanta tace a sati biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a Najeriya, lokacin cutar 11 ta kashe.

Abinda yafi ƙona min rai shine ɓoye ciwo da mutane suka koma yi. Mutum na tari da zazzaɓi sai a rufeshi a ɗaki ana bashi jiƙo da maganin kemis, a ja kunnen yara kar su faɗa a waje, don tsoron kar azo da mota a ɗaukeshi kamar ɓarawo. A haka dattawa suka dinga ɗauka.

Bance kar a hukunta kowa ba, wanda yasan yana ɗauke da cutar ya gudu daga wajen killacewa ya shiga jama'a, wannan ya cuci mutane. Amma ka tuna rigimar allurar shan inna ta 2003, ai sai da sarakuna da dagatai da malamai suka shiga gida gida suna lallashi sannan iyaye suka fito da yaransu.

In kazo da sallah mu ƙarasa a majalisa. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
Habu