Tarar kotu ba ta hana Tynkkynen ƙuri'a ba

Assalamu alaikum Edita,

Ina neman ɗan fili don jan hankalin iyayen da ke shirin tura 'ya'yansu karatu Finland. Akwai wani matashin ɗan siyasa a can, Sebastian Tynkkynen, haifaffen 1989, wanda ya taɓa shugabantar reshen matasa na jam'iyyar masu kishin ƙasa ta Finns. A 2017 kotun birnin Oulu ta ci shi tara saboda rubuce-rubucensa a Facebook na tunzura jama'a a kan Musulmi. Bai saduda ba, har aka sake hukunta shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hukuncin bai rage masa farin jini ba. A 2019 mutanen yankin Oulu suka tura shi majalisar ƙasa, a 2024 kuma ya haye Majalisar Tarayyar Turai. Jam'iyyarsa tana cikin gwamnati tun 2023, kuma an ƙara shekarun zaman da baƙo zai yi kafin ya zama ɗan ƙasa daga 5 zuwa 8.

Don Allah ku tuntuɓi ɗalibanmu da ke can, mu ji daga bakinsu yadda suke fama.

Naku,
Wani mahaifi daga Zariya