Wasiƙa daga ɗakin masu ciwon daji

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Shirun da ke tsakaninmu ya yi tsawo, ga shi kuma akwai maganar da ke cin raina, wadda ba mai gane ta sai wanda ya taɓa aikin jinya.

Tun da aka mayar da ni ɗakin masu ciwon daji, abin da ya fi yi mini nauyi shi ne dawowar waɗanda muka sallama cikin murna. Kin san yadda abin yake. Tiyata da kemo (magunguna masu ƙarfi na kashe ƙwayoyin ciwon daji) da gashin na'ura (ƙona ciwon da haske mai ƙarfi) sukan kawar da abin da hoto ke nunawa, amma 'yan ƙwayoyin da suka tsira sukan lafe, daga baya su ɓulla a ƙashi ko huhu ko hanta. Sankarar mama, musamman wadda sinadarin estrogen ke ciyarwa, tana iya dawowa bayan shekara 10 ko 20, alhali mutane da yawa sun ɗauka duk wadda ta haye shekara 5 ta rabu da ita ke nan.

A makon jiya wata baiwar Allah ta dawo mana, ciwon ya sauka a ƙashin bayanta. Ina riƙe da hannunta ina laluben jijiyar da zan sa mata ruwa, duk sun taurare saboda kemon farko, sai ta ce, "Sista, ko wani abu na yi ba daidai ba?" Wallahi ba ta taɓa tsallake ranar ganin likita ba. Majinyacin da ya dawo ya riga ya san amai da zubewar gashi, ya san abin da shirun likita ke nufi, don haka kalaman da suka kwantar masa da hankali a karon farko ba sa shigarsa. Idan kuwa ciwon ya bazu, galibi aiki yakan koma na rage raɗaɗi da danne cutar gwargwadon iko. Likita zai faɗi haka ya wuce gado na gaba, mu ne za mu kwana da su da tambayoyinsu.

Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta buɗe gidan kula da masu jinyar ajali a Landan a 1967, ta koyar cewa zafin irin wannan majinyaci ya haɗa jiki da zuciya da iyali da ruhi. Morfin, maganin rage zafin ciwo, kashin jiki kawai yake ɗaukewa, saura kuma a kanmu yake sauka. Idan majinyaci ya rasu, sai mu canza zanin gado mu karɓi wani, ba wanda zai ce mana sannu. A ganina ya kamata kowane ɗaki ya ware lokacin da ma'aikata za su zauna su amayar da abin da ke ransu, tun kafin zuciya ta bushe.

Ku a can yaya kuke yi? Don Allah kada amsar ta daɗe.

Taki,
Ƙawarki